Wa Zai Tafi Gida?

Wata uku Baba ya ba ni. Ya ce in Babbar Sallah ta zo ban nuna masa abin da karatun komfutar nan zai haifar ba, to in karɓi mukullin butik ɗinsa, shagon da ke unguwar Plaine Orety, in zauna, don idonsa ya fara kasa karanta rubutun jikin gwangwani. Ni kuwa na tsani butik ɗin nan. A cikinsa na girma, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na sardin, kuma tun ina lakwal, ina 'yar makaranta, na rantse ba zan tsufa ina auna wa mutane sukari ba.

A Libreville aka haife ni. Kano sau ɗaya na je, ina shekara shida, kuma abin da na riƙe kawai shi ne na yi zazzaɓi.

Abokin shawarata ɗan goggona ne, mai gyaran waya, wanda ya zo daga Kano shekara biyu kafin nan. Taubashina ne, don haka ba ma raga wa juna. Yana ce min 'yar Gabon, ina ce masa baƙauye. Bayan azahar mukan haɗu a wani kafe mai intanet kyauta a unguwar Louis, mu sayi lemo ɗaɗɗaya mu yi awa uku a kansa, har mai wajen ta daina amsa gaisuwarmu.

Abin da muke nema shi ne wata manhaja ko wani dandali na intanet da mutane za su yi rububi a kai. Wace iri? Oho. Na fara da ta taksi: maimakon ka tsaya a rana kana faɗa wa kowane direba inda za ka da abin da za ka biya, shi kuma ya wuce ko kallonka bai yi ba, sai ka rubuta a waya. Taubashina ya ce direban da bai da lokacin kallonka ne zai karanta rubutunka? Shi ya kawo ta ragon layya, a zaɓa daga hoto. Na ce wane Bahaushe ne zai sayi rago bai daddanna gadon bayansa ba. Muka yi kwana huɗu a kan ta kwatancen gida, tunda a garin nan sai dai a ce maka bayan kantin magani, ka sauka gangare, wajen bishiyar mangwaron da aka sare. Wannan ta burge ni ƙwarai, sai dai muka rasa wanda zai biya. Akwai ta koyon Faransanci, akwai ta bin layin tela, akwai wata da na rubuta a littafina da manyan baƙaƙe, washegari na kasa tuna abin da nake nufi.

Wata ɗaya ya tafi a haka. Kaina ya cika, amma in Baba ya ce "Uwata, ina aka kwana?" sai in ce ana nan ana yi. Uwata yake ce min saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Dabarar da na ɗauka ita ce mafita, a tsakar gidanmu na tsince ta. Wata maƙwabciyarmu ta shigo tana mita, wai wata biyu tana neman wanda zai kai wa 'yarta atamfa Kano, ta rasa. Na ji kamar an kunna min fitila. Kowa a cikinmu yana da abin aikawa gida, kuma kowane mako akwai mai tafiya. Abin da babu shi ne inda za su haɗu. Na kira taubashina na gaya masa. Ya ce, "To, a gwada," a sanyaye. Ban kula da sanyin muryarsa ba.

Cikin mako biyu na haɗa shafi, ba wani ado, ƙofa biyu kawai. Ɗaya ta ce "Ina da saƙo", ɗaya ta ce "Zan yi tafiya", ka sa rana da garin da za ka. Muka watsa a zaurukan waya na 'yan kasuwa da na mata.

Ƙofar farko ta cika maƙil. Mai turare, mai takalman yara, mai takardun makaranta, wata ma injin markaɗe take son a kai wa uwarta. Na yi ta murna har na fara tunanin irin ofishin da zan kama. Ƙofa ta biyu kuwa, ko mutum ɗaya.

Na ce maɓallin ne ya lalace. Na gwada, lafiyarsa ƙalau. Na canja masa launi, na mai da shi sama, na rubuta shi da Faransanci. Shiru. Na ce to ko damina ce ta hana mutane tafiya? Amma ga mai nama na bakin titinmu rumfarsa a rufe, an ce ya tafi gida jiya. Ga wani mai sai da agogo, shi ma jiya. Kullum jiya ake tafiya, ba a taɓa tafiya gobe ba.

Wanda ya ƙarasa rikita ni wani dattijo ne, aminin Baba. Ran Litinin ya shiga ƙofar farko ya rubuta yana neman mai kai masa hula da carbi Kano. Ran Laraba aka ce ya tafi Kanon da kansa. Na zauna ina kallon sunansa a komfuta, na rasa ta inda zan fara tunani.

Na juya wa taubashina komfutar na ce, "Kai baƙauye, fassara min wannan."

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Wai da gaske jira kike wani ya rubuta ranar tafiyarsa?"

"To me na yi wata guda ina yi?"

"Ai ba a faɗa," ya ce. "In ka faɗa, kafin gobe ɗakinka ya cika da ƙullin mutane, naka kayan ba wuri, kuma ba ka isa ka ce wa kowa a'a ba. Ga bakin mutane, ba kowa ke so ka isa lafiya ba. Sai ka sauka ka bugo waya ka ce a yafe ka, tafiyar ce ta zo da gaggawa. Dattijon nan ma ƙafa ya ɓatar, don kada a zarge shi."

Raina ya ɓaci. Na ce me ya hana shi faɗa tun ranar farko? Ya ce ya ɗauka mu na nan mun daina, kuma ni ce mai digiri. Ban san wa zan yi fushi da shi ba, shi, ko dattijon, ko ni da na zauna cikin mutanen nan shekara ashirin da biyar ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba mu taɓa raka kowa ba.

Saura mako guda Sallah, ina ta juya yadda zan gaya wa Baba, sai ya ce in raka shi unguwar Okala ya duba kaya. 'Yar jakar takardunsa ce kawai a hannunsa. Mama ta tsaya a bakin ƙofa idonta ja, na ɗauka mura ce. Da ya tsai da taksi sai ya sunkuya ya yi wa direban magana ƙasa-ƙasa.

A mota na daure na ce, "Baba, abin nan bai yi ba."

"Na sani," ya ce.

Ba mu kai Okala ba, taksin ya karya kwana ya shiga filin jirgi. Na ce direba ya ɓata hanya. Baba ya ce bai ɓata ba.

Da muka sauka ya ce zai je a yi masa aikin ido a gida, kuma daga nan zai ga yadda hali ya yi. Ya ciro mukullin butik ya sa min a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce ita ma wannan ba a faɗa. Na so in yi masa faɗa, na so in yi kuka, na tsaya kawai ina kallon jakar, ina mamakin ƙanƙantarta.

"Bayan mamanki ke kaɗai kika sani," ya ce. "Akwai ɗan wuri a jakar. Uwata, kina da saƙo?"

Wayata na aljihu cike da saƙon mutane, na san na kowa da garin da za shi. Na lalubi nawa na rasa.

Na ce, "Ka gaishe su."

Ya dube ni da idon nan nasa da ya fara fari. Ba gatse a muryarsa, so yake kawai ya isar.

"Su wa?" ya ce.