Buhunan Siminti a Zauren Sale Magini

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Malam Sale Magini, Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. A shekarun baya in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in zauna in tuna shiriritarmu in yi dariya ni kaɗai. Bana kam dariya ta ƙi zuwa. Dalili kuwa buhunan siminti ne da aka jibge a zauren gidansa da ke cikin birnin Zariya. Ɗansa Mansur ne ya sa aka saya daga Riyad inda yake aiki, don a shafa wa soron ƙasar da mahaifinsa ya bari kafin damina ta sauka. Yaron da kyakkyawar niyya ya yi, wannan na shaida. Amma ni na san ranar da aka shafa wa soron nan siminti, ranar aka fara haƙa masa kabari. Ba ni da gado a gidan, ba ni da ta cewa, sai abin da idona ya gani. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A Riyad muka haɗu da Sale, cikin shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya haukata garin. Ka bi hanya da safe ka tafi aiki, da yamma ka dawo ka tarar an datse ta da rami, an buɗe wata. Ɗakinmu ɗaya a Manfuha tare da wasu 'yan Nijar, kafilinmu ɗaya, wato Balaraben da ya tsaya mana muke zama a ƙasar, fasfonmu na kulle a teburinsa. Kullum gabanmu na faɗuwa kada a wayi gari ya ce halas, ku tattara. Ni tifa nake ja. Sale kuwa magini ne ɗan magini, da laka a hannu ya tashi, amma a can bulo da siminti aka miƙa masa, ya kuma kama su hannu bibbiyu.

Yawancin aikina a unguwar Dira yake, tsohon tsakiyar gari. Katafila ta ture gidan ƙasa, a loda min baraguzansa, in kai bayan gari in juye. Gidaje ne masu kauri, in ka shiga wanda ba a kai ga rushewa ba sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Ban taɓa jin komai a raina ba, shi ma Sale haka. Har cewa yake yi laka ta gama zamaninta. Ba shi da hira in mun zauna cin ful, dafaffen waken Larabawa, da burodi sai ta yadda zai koma Zariya ya baje soron ubansa ya dasa bene mai baranda, wanda duk mai wucewa zai san ɗan gidan ya je Saudiyya. Ni kuma ina zuga shi. Lokacin duk wanda ya koma gida bai zuba siminti ba, ana ganin yawon banza ya je.

Kamfanin da kafilinmu ya ba da mu haya na Turawan Italiya ne. Shugaban leburorin wani dogon Bature ne mai faɗa, muna kiransa Abu Sigara don ba a raba bakinsa da taba. Da kamfanin ya samu aikin gidan wani attajiri da za a shimfiɗe da marmara, sai aka ce za a tura Sale Italiya ya koyi yadda ake yanka ta da jera ta. Kowa na yi masa murna, shi kuwa ya ƙi cin abinci. Ya ce shi ba zai shiga ƙasar Nasara shi kaɗai ba, in ya mutu a can wa zai yi masa salla? Abu Sigara ya yi ta masifa da Larabcinsa mai karaya, a ƙarshe ya nuna ni ya ce yalla, a haɗa da wannan. Ta haka na ga Turai, a matsayin mai yi wa Sale sallar gawa.

Da aka gama koyon aikin, Abu Sigara ya biya da mu garinsu, Siyena, kafin mu tashi. Gari ne a kan tudu, duk jan bulo, lunguna ƙanana masu lanƙwasa, in ka ga dama ka ce cikin birnin Zariya ne aka ɗora a kan dutse. A wasu wuraren an haɗe gida da gida da baka ta saman lungu, mutane na wucewa ta ƙasa. Sale ya tsaya ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, "Habu, ai bakan gizo ne wannan!" Tsakiyar garin akwai wani babban fili mai gangara kamar ƙwarya, da hasumiya doguwa a gefensa wadda kallonta ma ya sa ni jiri. Cocinsu kuwa zane-zane ne na baƙin dutse da fari tun daga ƙasa har sama. Ba mu shiga ba, muka tsaya daga nesa muna istigfari muna kuma kallo. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne an ce gidajen sun shekara ɗaruruwa, kuma ga shanya a tagoginsu, ga tsofaffi na leƙowa, ga yara na gudu a ƙofa. Mutane ne ke zaune a ciki.

Yunwa kuwa mun sha ta a tafiyar nan, don tsoron naman alade ya hana mu sakat. Burodi muke ci da ruwa, burodin ma na garin ba gishiri, kamar an toya auduga. Ran nan da rana Abu Sigara ya ja mu wani ɗan gidan abinci a ƙarƙashin wani tsohon gini, na wata gwoggonsa. Tana ajiye kwano Sale ya ture shi, ya kama hancinsa ya yi gurnani irin na alade, ya kaɗa mata yatsa. Na ce shi ke nan, yau za a kore mu da muciya. Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kamo hannun rigarsa ta ja shi madafa, ta buɗe masa tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna wadda ba za mu ci ba ta rufe. Ta nuna ɗaya, farin wake ne tsura, ta tsiyaya masa man zaitun ta barbaɗa gishiri. Wake da mai, wallahi, a tsakiyar Turai! Sai ga wata taliya mai kauri da take murzawa da tafin hannu kamar 'yar murji, da tumatir da tafarnuwa. Sai wata miyar ganye da wake da ragowar burodin jiya, wadda aka ce sai ta kwana an sake tafasa ta take daɗi. Sale ya ɗanɗana ya dube ni ya ce, "Ɗumame ne, Habu. Ashe su ma talakawa ne." Ranar muka ci har muka kasa tashi. Giyar da aka kawo muka mayar, tsohuwar ba ta ji haushi ba, ta kawo ruwa.

Fitowarmu ke nan muka tarar da wani dattijo a kan tsani a jikin bangon gidan. Mu mun zaci gini yake yi, ashe ƙwaƙule siminti yake daga tsakanin bulo, yana mayar da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Sale ya ce a tambaye shi ko hankalinsa ɗaya, ana neman siminti shi yana zubarwa. Abu Sigara ya fassara mana cewa wani ne ya liƙa simintin shekarun baya don a huta da gyara. Ruwa ya samu tsaga ya shiga ta baya, ya rasa mafita, ya yi ta cin bangon a ɓoye. Dattijon ya ɓalle wani ɓawo ya nuna mana, bulon da ke bayansa ya zama gari. Ya ce bango numfashi yake yi, kuma shi tun yana saurayi yake bin bangayen lungun nan yana gyarawa, in ya kai ƙarshe ya dawo farko.

Ba sabon abu aka gaya wa Sale ba, abin da ubansa ya sha faɗa ne game da laka, shi ne ya ga dama ya manta. Ya sa hannu a kwaɓin dattijon ya murza, ya sansana. Har muka hau jirgi bai ƙara maganar bene ba.

Da muka dawo Riyad sai ya zama wani mutum daban, kuma gaskiya ya dame ni. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, maimakon mu wuce kasuwar Utaiƙa sayen dabino kamar yadda muka saba, sai ya ja ni Dira mu zagaya tsohuwar ganuwar Masmak, wadda da ƙasa aka gina ta, yana shafa bangon kamar mai duba doki. In ya ga tifata cike da baraguzai sai ya kau da kai. Ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga shekarar ya daina neman hutu da Salla kamar kowa, sai gab da damina, don ya je ya yi wa soron ubansa yaɓe. Kafili bai gane wannan ba, ya ga lokacin ne aiki ya fi yawa. Duk shekara sai an yi tashin hankali. Akwai shekarar da ya jefa masa fasfo ya ce in ya fita kada ya dawo, ga shi a lokacin Sale na da mata da goyo a Manfuha. Na roƙe shi har da hawaye, na ce a kan laka za ka rasa iƙama, takardar zamanka a ƙasar? Ya ce, "Ruwa ba ya jiran kafili." Ya tafi, ni na zauna da fargaba har Allah Ya sa Abu Sigara ya shiga tsakani aka bar shi ya dawo. Abokanmu suka yi ta yi masa dariya, suna cewa ya je ƙasar kuɗi ya dawo da cuɗa ƙasa. Ni ma na yi, ba na musu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Masu zuwa Riyad suna ba ni labari cewa 'yan gine-ginen ƙasa da suka tsira daga katafila yanzu lallaɓa su ake yi kamar ƙwai, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Na san zai yi 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki. Amma da zai zagaya lungunanmu na nan gida, ya ga yadda soraye ke zubewa duk damina ana dasa shaguna a gurbinsu, ba na jin zai yi dariya. Ni da na zuba siminti a nawa gidan, in zafi ya yi sai in ɗauki tabarmata in tafi soron Sale in sha iska, kunya ba ta hana ni.

Bayan rasuwarsa ni na riƙa tsayawa a kan yaɓen. Mansur ya aiko da abin aiki, ni in nemo wani tsohon magini da ya san kwaɓin ƙasa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa zama. Bara Allah Ya yi wa tsohon rasuwa. Na zagaya na gaji, samarin da na samu bulo kaɗai suka sani. Ga kuma tsaga ta bayyana a ƙarƙashin indararon gabas, har yatsana na shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ruwa.

Na kira Mansur na gaya masa duk wannan, har da labarin dattijon kan tsani. A Manfuha aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, amma yana da ladabi, bai katse ni ba har na gama. Sannan ya ce, "Wallahi ya ammi na fahimta. To amma Baffa, in ban sa siminti ba, wa zai riƙa yin yaɓen duk shekara?"

Har yau ban sami amsar tambayar nan ba, kuma ita ce ke hana ni sukuni. Yaron bai yi ƙarya ba. Siminti zai ci soron a ɓoye cikin 'yan shekaru, rashin yaɓe kuma zai kayar da shi a fili, wataƙila ma bana. Abin da Sale ya gano a lungun Siyena shi ne ba ƙarfin bulo ke tsayar da gini ba, mutumin da ke dawowa ne. Shi ya dawo har ƙarfinsa ya ƙare. Bai bar bene ba, bai bar shaguna ba. Abin da ya bari ɗaki ne mai sanyi wanda ba ya rayuwa sai da hannun wani, kuma ban sani ba ko wannan gado ne ko kaya ne ya ɗora wa ɗansa.

Jiya na ga hadari ya taso ta gabas ya watse. Ba zai riƙa watsewa ba. Na sa an kawo ƙasa amalanke biyu, na jiƙa makuba a tsohuwar randar gidan, buhunan siminti kuwa na sa an rufe su da leda, ban taɓa ko ɗaya ba, ba nawa ba ne. Gwiwoyina ba sa hawa tsani, 'ya'yana sun ma ɓoye shi. Zan yi yaɓe daga ƙasa iya inda hannuna ya kai, kamar yadda na sha ganin Sale yana yi. Sai dai tsagar tana can sama, ƙarƙashin indararo.

Mansur, na san kana karanta jaridar nan a waya. Ubanka ya taɓa yarda ya rasa iƙamarsa a hannun kafili saboda bangon nan, kana goye a bayan mahaifiyarka. Ni ban ce ka yi haka ba. Hutun mako biyu kawai ka nema, ka zo da tufafin da ba ka so, zan tsaya a ƙasa in riƙe maka tsani in gaya maka yadda ake yi. Ka zo kafin ruwa, ɗana. Abin da ya fi tsayina naka ne.