Rufin Asirin Iliasu Mai Inji

A Maamobi, wata unguwa a birnin Ankara, idan ɗan wani ya kwana a hannun 'yan sanda, ko auren wata ya fara tangal-tangal, ƙofar Iliasu ake ƙwanƙwasawa. Ba malami ba ne, ba mai unguwa ba ne, ba shi da ko keke. Abin da Allah ya ba shi baki ne mai nauyi. Maganar da ta shiga kunnensa ta shiga ke nan, ba ta da hanyar fita. Matarsa Awabu takan ce shekara ashirin tana zaune da shi, amma har yau a wurin mai koko take jin labarin abin da ya faru a cikin gidansu.

Wannan hali yana da asali. A ƙarshen 1969, da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa, Iliasu yana ɗan shekara goma sha tara. A unguwar Nima aka haife shi, amma ubansa Bazabarme ne, don haka iyayensa suka ɗaure kaya suka hau babbar mota zuwa Nijar. Shi kuwa ya ƙi bin su ƙasar da bai taɓa gani ba. Maƙwabcinsu Ziblim, Badagombe daga Tamale, ya ja shi ɗakinsa, duk wanda ya tambaya ya ce ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iliasu ko gaisuwar Dagbanci bai iya ba, sai Ziblim ya ce masa in 'yan sanda sun zo ya sunkuyar da kai ya yi shiru, shi zai yi magana. Sau biyu suna zuwa, sau biyu shirun yana fisshe shi. Tun daga nan ya ɗauka babu abin da shiru ba ya gyarawa.

Ziblim mai feƙe ƙarfe ne a wani kamfani da ke yin kayan injin niƙa da na famfon ruwa, can wajen masana'antu. Shi ya kai Iliasu, shi ya koya masa yadda ake ɗaure ƙarfe a bakin inji ya dinga juyawa, mutum yana tura wuƙa da hannu tana cinsa kaɗan-kaɗan har ya zama abin da ake so. Iliasu ya kama aikin da kyau. Shekarar yunwa ta 1983 ta zo ta watsa rabin ma'aikata, su biyu suka tsaya. Kafin shekara ta tamanin da tara an naɗa Iliasu shugaban ma'aikata, sama da wanda ya koya masa. Ziblim bai ji haushi ba ko kaɗan, sai ma ya dinga bin unguwa yana faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

A 1992 mai kamfanin ya sayo inji mai kwamfuta daga Turai. Na hannu ne, wasu sun more shi sun gaji, amma a wurinsu amarya ne. Yana da ƙofa mai gilashi, da wani kai mai juyawa ɗauke da wuƙaƙe takwas, kowace da lambarta, wasu gajeru wasu dogaye. Ana buga masa aikin a allo, layi bayan layi, a danna kore, shi ke nan ya ɗauki wuƙa ya yanka, ya juya kai ya ɗauki wata, da gudun da hannun mutum ba zai taɓa yi ba. Wani Bature ya zo ya yi kwana goma yana koyarwa, ya sha zufa, ya bar musu littafi da Jamusanci ya tafi. Abin da Iliasu ya gane tun makon farko shi ne injin ba shi da ido, ba shi kuma da kunya. In ka ce masa ya shiga bango, zai shiga.

Don haka ya kafa dokoki. Sabon aiki sai an fara gwada shi a iska, babu ƙarfe a ciki. Yankan farko a hankali ake yinsa, babban yatsa yana kan jan maɓalli. Mutum uku kaɗai aka yarda su taɓa injin: shi kansa, da Osman, wani magidanci ɗan Nima da ya yi karatun sana'a yana kuma da kaifin kai da yawan barkwanci, sai Ziblim. Shigar Ziblim cikin ukun aikin Iliasu ne. Mai kamfanin ya riga ya fara kallon tsofaffin ma'aikata kallon da ake yi wa tsohon takalmi, kuma saura shekara biyu Ziblim ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Wata Laraba da azahar, sauran ma'aikata sun fita bakin ƙofa wajen mai wake da shinkafa. Ziblim ya tsayar da injin a tsakiyar aiki don ya yi salla. Kafin ya tafi, da yake mutum ne mai tsabta, ya buɗe ƙofa ya juya kan wuƙaƙen don ya goge ta huɗu, doguwar nan da ake huda ciki da ita. Ya bar ta a gaba, suka yi salla da Iliasu a bayan shago, ya dawo ya danna kore. Injin kuwa a saninsa gajerar wuƙa ce har yanzu a gaba. Ya kwasa da gudu ya kai doguwar ya maka a bakin da ke riƙe da ƙarfe. Ƙarar ta kai titi. Wuƙar ta karye gida uku, gilashin ƙofa ya tsage daga sama har ƙasa, Ziblim ya zauna daɓas a kan siminti.

Bai ɓoye wa Iliasu komai ba. Ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe, sannan ya ce, "Ƙanena, nawa ya ƙare. Yau mai kamfani zai kore ni kamar ɓarawo."

Da mai kamfanin ya iso a guje, Iliasu ya tare shi ya ce wuta ce ta yi ƙifta ta dawo, injin ya rikice. A Ankara wannan magana ba ta neman shaida. Mutumin ya zazzagi masu wutar lantarki har ya gaji, ya sayo akwatin daidaita wuta, aka manna wa gilashin salatif aka ce sabo yana hanya. Ziblim ya zo gidan Iliasu ranar Juma'a da zabi biyu, Iliasu bai ma bar shi ya yi godiya ba.

Sai dai an bar wani abu a tsakiyar shago wanda mutum biyu kaɗai suke gani. Ƙaryar ta rufa wa Ziblim asiri, ta kuma rufa wa injin. Osman yana aiki da shi kullum, ya yarda wuta ce ta yi ɓarna, kuma an riga an yi maganin wuta. Ba wanda ya gaya masa cewa in ka tsayar da aiki a tsakiya ka taɓa kan wuƙaƙe, dole ka koma farko. Iliasu ya san ya kamata ya faɗa masa. Amma Osman ba a ba shi doka ya haɗiye, sai ya tambayi dalili, in ya tambaya kuwa zai haɗa wannan da wancan ya gano, kuma bakinsa ba ya riƙe abin dariya. Iliasu ya ce bari ƙura ta lafa tukuna.

Ƙura ta lafa. Motar haya ɗaya, tirotiro, suke shiga shi da Osman kowace yamma, kafaɗa da kafaɗa, Osman yana ba shi labarin 'ya'yansa uku da rigimar matarsa Damata da masu gidan haya. Ba sau ɗaya ba Iliasu ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambayar yadda aka tashi a wasan ƙwallo. Abin da ya iya yi shi ne tsayawa a bayan Osman duk lokacin da ya ga ya tsayar da inji, har Osman ya fara tsokanarsa wai ko kishi yake da shi.

A 1994 Ziblim ya ajiye aiki. Aka yi masa walima, aka ba shi rediyo da turmin yadi, ya koma Tamale ana yabonsa cewa bai taɓa ɓata aiki ba. To, a nan ne nake ganin laifin Iliasu, ba na kuma sassauta masa. Wanda yake karewa ya tsira, babu mai korarsa kuma. Abin da ya rage kunyar kansa ce kawai: ya tsaya gaban ƙaramin ma'aikaci ya ce shekara biyu yana ƙarya. Mutumin da ya rufa wa rabin Maamobi asiri ya ga ai shi ma ya cancanci a rufa masa, sai ya rufa wa kansa.

Ranar da abin ya faru, a cikin 1995, Iliasu yana Sabon Zango wajen jana'iza. Osman ya tsayar da aiki a tsakiya, ya juya kai don ya sauya bakin wata wuƙa da ya dakushe, aka kira shi ofis, ya dawo ya danna kore. Gilashin nan da sabonsa yake hanya shekara uku bai tare komai ba. Guntun wuƙa ya ratsa shi ya sami Osman a idon dama.

Mako uku ya yi a asibitin Korle Bu, likitoci suka yi iya yinsu, idon bai dawo ba. Kullum Iliasu yana wurin, shi ne kai abinci, shi ne neman magani, shi ne raka Damata mota. Damata ta dinga gaya wa mata cewa ko ɗan'uwa na jini bai yi musu abin da Masta Iliasu ya yi ba. Duk lokacin da ta faɗa a gabansa sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bayan an sallamo Osman, Iliasu ya je gaishe shi wata Asabar da hantsi. Ya same shi zaune a bakin gado da auduga a ido, barkwancin nan duk ya tafi. Damata tana tsakar gida tana hura wuta. Suka gaisa, can Osman ya ce ba idon ne ya fi cin ransa ba.

"Masta, injin nan shekara uku yana aiki. Tsoho Ziblim da bai je makaranta ba sam bai taɓa yin wannan wauta ba. Ni mai takarda, ni kaɗai ne wawa."

Iliasu ya ji ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ya faɗa masa komai: Larabar nan, da sallar azahar, da wuƙa ta huɗu, da wutar da ba ta taɓa ƙiftawa ba. Bai kare kansa ba, don babu abin karewa. Osman ya juyo da idon da ya rage ya dube shi, ya daɗe yana kallonsa.

"Kullum mota ɗaya muke shiga," ya ce.

"Kullum."

"Daga wurin aiki zuwa Nima minti arba'in ne. Wannan magana bai kai minti biyu ba."

Iliasu ya ce ranar Litinin ɗin nan zai tara ma'aikata da mai kamfani ya faɗi gaskiya, a yi masa duk abin da za a yi. Yana so ƙwarai a yi masa wani abu. Osman ya girgiza kai. Ya ce Ziblim tsoho ne, a bar shi ya mutu da sunansa. Damata kuwa kowace asuba tana sa Iliasu a addu'a, in ta ji wannan ba za ta ƙara yarda da ɗan Adam ba, kuma shi ne zai zauna da ita a haka.

"Ba don kai ba ne, Masta. Ka tara su ka koya musu. Ka ce Osman ne ya yi. Sun ga idona, za su ji."

Haka aka yi. Ranar Litinin Iliasu ya tara kowa gaban injin, ya nuna musu abin da ke faruwa in an taɓa kan wuƙaƙe a tsakiyar aiki. Ya kafa doka cewa duk wanda injin ya yi wa karo, ko da bakin wuƙa ne ya ɓantare, zai tsaya ya faɗa wa 'yan'uwansa yadda aka yi, kuma ba za a kore shi ba. Ya tsaya kai da fata sai da aka kawo gilashi. Har aka rufe kamfanin a 1999 babu wanda ya sake jin ciwo, kuma waɗanda ya koyar sun bazu da dokar har Tema da Kumasi.

Osman bai koma inji ba. Ya buɗe ɗan teburin gyaran makulli kusa da babban kwalbatin Nima. In Iliasu ya wuce sukan gaisa gaisuwa cikakkiya, ta mutunci, ba ta taɓa wuce gaisuwa ba.

Ma'aikata kuwa, da yake ba su san komai ba, suka raɗa wa kuskuren suna. Sabon ma'aikaci in ya kai hannu ga kan wuƙaƙe sai a ce masa, "Kai, kada ka yi Osman." Ana faɗa ana dariya, a shagunan da ba su ma taɓa ganin mutumin ba. Iliasu ya nemi hana su, suka ce ai daga bakinsa suka ji. Shekara huɗu yana tsayawa gaban kowane sabon ma'aikaci yana ba da labarin, kuma duk lokacin da ya zo wurin da ake tambayar wa ya fara yin wannan kuskure, sai ya ce Osman.