Gwaggo Asabe da Tsarin Shekarar Lungunmu

Ku da kuka zauna da mu a lungun nan na Hindawiyya, ba sai na tuna muku abin da ke faruwa ranar ɗaya ga Muharram ba. Ana idar da sallar La'asar za ka ji ƙwal! ƙwal! ƙwal! Baƙo sai ya zabura, ya ɗauka gobara ce. Gwaggo Asabe ce take bi ƙofa ƙofa tana dukan murfin tukunya da ludayi, tana kiran taron tsarin shekara.

Ba wanda ya naɗa ta fa. Unguwa tana da umdanta, wato mai unguwa na hukuma, mai ofis da hatimi, baladiyya kuma, hukumar birni, tana nan tana aikin gari. Amma daga shagon mai burodi zuwa bayan ƙaramin masallaci, nan mulkin Gwaggo ne, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi ganin takardar naɗinta ba. Yayar mahaifina ce, a nan Jidda aka haife su. Gyaɗa da yaji da turaren wuta take sayarwa a Balad, tsohuwar kasuwar gari. Ni kuwa tun da na yi aure na dawo lungun ta ɗora mini rubutu. Da na so in zame, cewa ta yi, "Zainabu, ba don ado aka kai ki makaranta ba. Yalla, ɗauko biro."

Kun tuna taron. Maza a tabarma ɗaya, mata a ɗaya, ga shayin nan nata da za ka iya hango gindin kofi ta cikinsa. Ganyen da aka dafa da safe shi ake sake dafawa. In ka yi ƙorafi ta ce, "Shawara ka zo ko walima?" Sai a bar kowa ya faɗi abin da ke damunsa, wannan ya ce fitila, wancan ya ce sauro. Tana saurare, tana gyaɗa kai, har a gama. Sannan ta ɗaga yatsu.

"Abu uku za a yi bana. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Wanda bai yarda ba ya ɗaga ƙafa ya tafi gida."

A bayan kalandar bara nake rubuta su, don ita ba ta ga dalilin sayen takarda ba, a rataye a ƙofarta. Daga nan an rufe. Duk abin da ka zo da shi, amsa ɗaya ce: "Ba ya cikin tsarin bana." Kuma ba ta ware kanta ba. Wata shekara gwiwarta ta kumbura, na raka ta asibiti, likita ya ce sai an yi aiki. Ta dube shi ta ce da Larabci, "Ya dakta, ba ya cikin tsarin bana." Bawan Allah ya juyo yana kallona. Wallahi sai da Muharram ya zagayo ta sa na rubuta, na uku: gwiwar Asabe. Aka ɗaga hannu, sannan ta je aka yi mata.

Shekarar bola kuwa ai kun fi ni sani. Babbar durom ɗin shara guda ɗaya ce a lungun, kuma ba mai son ta a ƙofarsa, ga wari ga kyanwoyi. Yau ka gan ta ƙofar Malam Isiyaku tela, gobe ta yi tafiya da kanta ta koma ƙofar Hajiya Balki. Har mutanen nan biyu suka daina gaisawa, 'ya'yansu suka daina cin abinci tare. Da aka zo taro kowa ya shirya faɗa, sai Gwaggo ta ce, "A kawo ta ƙofata."

Mijina Usman ya raɗa mini, "Gwaggo ta tsufa."

Ashe mu ne ba mu gane ba. Washegari ta fito da kujera ta ajiye kusa da durom ɗin, tana ɓarar gyaɗa. Duk wanda ya zo da leda sai ta ce, "Buɗe mu gani."

"Haba Gwaggo, shara ce fa!"

"Na san ba zinariya ba ce. Buɗe."

Ranar da Hajiya Balki ta zo da tata, aka buɗe, sai ga shinkafa kusan rabin faranti, har da ƙashin kaza mai sauran nama. Gwaggo ta ɗaga murya yadda na ƙarshen lungu zai ji: "Ma sha Allah! Jama'a, gidan Balki an yi arziki! Kyanwa ma kabsa take ci, shinkafa da kaza!" Hajiya Balki ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige. Kafin wata ya mutu, ba mai zubar da ko loma. Ragowar abinci sai dai a ɗumama a ci, ko a miƙa wa masu dako. Kyanwoyin suka rame, suka yi ƙaura zuwa lungun baya. Malam Isiyaku da Hajiya Balki kuwa suka shirya, don sun sami abin da ya haɗa su: gulmar Gwaggo.

Shekarar da ta biyo ta ce inuwa za a yi. Ta samo dashen darbejiya guda biyar, aka haƙa rami aka dasa. Aka ce, "Gwaggo, da wane ruwan?" Ta nuna sama. Ruwan nan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana jiƙa wa masu wucewa riga, shi ta sa ido a kai tun tuni. Ta bi gida gida ta tara tsofaffin tiyo, aka jojjona, kowane mukayyif yana shayar da bishiya. In ka kashe naka da rana sai ka ji ƙwanƙwasa: "Kunna! Darbejiya na jin ƙishi."

Ana saura kwana biyu Babbar Salla, Malam Isiyaku ya kawo ragon layyarsa, ƙato, ya rasa inda zai ɗaure shi sai kusa da dashen da ya fi kyau. Kafin ya je ya dawo rago ya share ganyen tas, ko ɗacin bai dame shi ba, sai tsinke a tsaye. Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta kwance igiya, ta ja rago cikin gidanta, ta rufe ƙofa.

Malam ya zo yana haki. "Hajiya Asabe, ragona!"

"Yana tsare."

"Tsare kuma? Dabba ce fa, ba ta da hankali!"

"Shi ya sa ake ba ta mai hankali ya riƙe igiya. Ina nasa yake?"

Aka taru ana ba da haƙuri, har liman ya sa baki. Ta ce ta ji, ga hukunci: Malam zai dasa biyu a madadin ɗaya, sannan lungu yana da kaso a jikin ragon, tunda bishiyar lungu tana cikinsa. Malam Isiyaku ma ba baya ba ne wajen wayo. Ya yi murmushi ya ce, "Na yarda. Tunda a ciki take, in an yanka ku ɗauki tumbi."

Gwaggo ta girgiza kai. "Kafin jibi ta narke ta bi jiki. Ni na ga alama a cinya ta sauka."

Cinya muka ci ranar Salla! Shi kansa Malam da ya zauna cikinmu yana ci, cewa yake, "Kai, darbejiyar nan ta yi daɗi."

To amma abin da ba zan manta ba shi ne shekarar magudana. Muharram ya faɗo cikin tsakiyar zafi, irin wanda ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka. A taron nan kowa bakinsa ɗaya: fenti. Lungun baya sun yi wa bangonsu fari da shuɗi, mu namu duk ya kwaile. Usman ne ma kan gaba, har kala ya zaɓo. Gwaggo ta bari aka gama, ta ce, "Na ɗaya magudanar ruwa. Na biyu magudanar ruwa. Na uku dokin ƙofar Inna Ladi."

Aka bushe da dariya. Usman ya ce, "Gwaggo, rabonmu da ganin ruwan kirki tun yaushe?"

"Shi ya sa nake tsoronsa. Ya daɗe yana tara ƙarfi."

Kun san lungunmu gangare ne, kuma a can ƙarshensa ɗakin Inna Ladi yake, tsohuwar nan da ƙafafunta suka shanye, ƙasa da titi sai ka sauka taki biyu. Bakin magudanar da ke kusa da ita ya toshe da yashi da siminti tun wani gini da aka yi. Mu duka muna wucewa ta kai kullum, ba wanda ya kula.

Matsalar ita ce sai an rubuta wa baladiyya takarda ta hannun umda, da sunaye da sa hannu. Rabin mutanen lungun kuwa ba su da iƙama, takardar izinin zama, sun zo umara ko hajji sun zauna neman na abinci. Da jin maganar sunaye sai na ga tabarmar maza tana raguwa. Sani mai dako, wanda bai daɗe da zuwa daga Kano ba, ya miƙe a hankali yana neman takalminsa.

Gwaggo ta ce, "Sani, dawo ka zauna. Wa ya tambaye ka suna? Masu takarda su sa hannu, ni ce ta farko. Ku kuma ranar Juma'a ku zo mini da shebur. Shebur ba ya tambayar iƙama."

Ta ɗauki takarda da kanta ta kai ofishin umda. Mutumin kirki ne, ya karɓa ya buga hatimi ya aika a ranar. Washegari sai ga ta da ledar gyaɗarta, ta gaishe shi, ta zauna a kujerar baƙi.

Umda ya ce, "Ya khala, gwaggona, halas, an gama, na aika!"

"Na sani, ɗana. Sanyin ofishin nan nake so. Ci gaba da aikinka."

Kwana huɗu tana zuwa tana ɓarar gyaɗa, duk wanda ya shigo neman hatimi sai ta ba shi labarin Inna Ladi. A na biyar umda da kansa ya ɗauko injiniya a motarsa. Ma'aikata suka zo suka buɗe babban layin magudanar, mu kuma aka bar mana na cikin lungu. Juma'a uku maza suna haƙa da safe kafin rana ta yi ƙarfi, Gwaggo na tsaye a kansu da ludayi tana nuna inda ba a kwashe ba. Aka ɗaga dokin ƙofar Inna Ladi da jeri uku na bulo. Ita ma Innar ba ta gode ba, daga ciki take ihu: "Asabe, kurkuku kike gina mini?"

Wata ɗaya, biyu, biyar, ko ɗigo. Tsokana ta tashi. Usman in ya wuce sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Gwaggo, yaushe za a sako ruwan namu? Ko ba ya cikin tsarin bana?" Ita kuwa sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ran nan da hantsi, cikin sanyi, gari ya yi baƙi ƙirin. Kafin azahar sai ka ce da bokiti ake juyewa. Titi ya zama kogi. A lungun baya, masu fari da shuɗi, katifu da tukwane ne ke yawo a kan ruwa. Namu ruwan ya gangaro da gudu ya nufi ƙofar Inna Ladi, na ruga har takalmi ya fice. Na tarar ya hau jeri na ɗaya, ya hau na biyu, yana lasar na uku. Magudana kuwa tana ta haɗiya, tana wani gurnani. A nan ya tsaya. Na leƙa ciki, ga Inna a kan gadonta, ƙasa a bushe, tana jan carbi tana kuka.

Sai ga Gwaggo ta fito, ta kifa murfin tukunya a ka maimakon laima, zani a ɗage. Ta duba magudana, ta leƙa Inna Ladi, sannan ta waiga ta hango mijina ya raɓe a bakin ƙofa.

"Usmanu! Maza jeka ɗauko fentin nan ka tare mana ruwan da shi!"

Har yau in ana maganar fenti a gidanmu tashi yake ya fita.

Da ajali ya zo, Gwaggo ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana shida ta kwanta, ranar na bakwai Allah Ya karɓi abinsa. Ba ta bar ɗa ko 'ya ba, na ɗauka mu 'yan lungu ne kaɗai za mu zauna karɓar gaisuwa. Sai ga mata suna ta shigowa daga unguwannin Ammariyya da Balad, fuskokin da ban taɓa gani ba. Wata ta kama hannuna ta ce, lokacin da mahaifiyarta ta rasu ba su san kowa a garin nan ba, ba su san inda za su dosa ba, Gwaggo ce ta zo ta yi mata wankan gawa, ta tsaya har aka gama komai. Ta kusa da ita ta ce ita ma haka, wata ma ta ce haka. Shekara da shekaru tana wannan, kuma duk surutun Gwaggo, ko sau ɗaya ban taɓa jin ta faɗa ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe. Yadda ta suturta bayinSa a baƙon wuri, Ya suturta ta da rahamarSa. Ya yafe mata kaifin harshe, mu dai mun yafe tuntuni. Ya haskaka kabarinta, Ya haɗa ta da maƙwabta na gari. Amin.