Ɗan Kwana-kwana a Tashar Isa

Malam Kalilu yana jiran mota a tashar Isa, idonsa na kan wani ɗan kwana-kwana da ke zaune a benci. Siririn mutum ne, kakinsa ya koɗe, fatar hannunsa ta tattare da tsohuwar ƙuna. Yana gaya wa mai shayi cewa daga bita yake, kwana uku ana koya musu kwantar da hankali bayan aiki. Yana jan numfashi yana ƙirgawa da yatsu. Wataƙila ya daɗe da daina bi ta gaban mai tsire, saboda ƙaurin naman na tuna masa gawarwakin gobara.

Malam Kalilu ba ya tausaya masa. Shekara biyu ke nan da gobara ta ci ɗakin da 'yarsa Basira ke ciki, motar kashe wuta ta iso babu ruwa, yarinyar ta rasu. Har yau yana neman wanda zai tuhuma.

Wani ɗan kabu-kabu ya kunna sigari dab da jarkokin fetur. Ɗan kwana-kwanan ya zabura, ya fizge sigarin, ya murƙushe shi a tafin hannu.

"Mi ya yi zahi, maigida?" in ji ɗan kabu-kabu yana dariya. "Ku da ba ku zuwa sai wuri ya koma toka!"

"Gawa bakwai na ɗauko bana," in ji ɗan kwana-kwanan. "Mun roƙi tankin ruwa, aka koya muna numfashi."

Malam Kalilu ya miƙe, ya zaro biro daga aljihu.

"Bawan Allah, wa kuka roƙa? Faɗa min cikakken sunansa."