Inna Ajuma, Mai Shinkafar Da Ta Tsaya Wa Hamani

Da an idar da sallar asuba, tun raɓa ba ta bushe a kan ganyen mangwaro ba, Inna Ajuma ta riga ta ɗora tukunya. Daga ƙofar gidanta ana hango kogi kwance shiru kamar bai farka ba, manyan motoci kuma sun yi jerin gwano a hanyar gada, suna jiran a buɗe musu su tsallaka Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka. Kafin hantsi shinkafa da wake sun nuna, an soya mai da albasa, an ɗaura kaya a amalanke. Sai ta bi bayan jaki sannu a hankali zuwa duk inda ake gini a ranar, wato shantiye. Shekara ashirin da shida ta yi a haka. A Gaya da wuya ka nuna mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ko bene da ba a ci abincinta a gindinsa ba tun yana tushe.

Masu cin abincin nata ƴan ƙwadago ne. Da an gama girbi sai su gangaro daga Tanda, daga Yelu, har daga Karakara, su ɗauki kwanon kankare a ka, su hau katako su sauko har rana ta faɗi. Ba a rubuta sunan kowa. Da safe shef shantiye, wato shugaban aikin, ya nuna ka da yatsa, ka shiga. Da yamma ka kama gabanka. Gini ya tashi, a shafe shi da fenti, babu mai tuna hannun da ya ɗora shi. Ita kaɗai ke riƙe su a ka. Ta san mai son ƙanzo, ta san wanda ke juya baya in zai ci, ta san wanda matarsa ke da tsohon ciki a ƙauye.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya ajiye alli. Na santa ne ranar da ta yi sallama a ƙofata, zanenta duk jini, ta kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, ta ce, "Mushe, an ce ka iya rubuta wa hukuma takarda. Ɗauko alƙalaminka."

Ga abin da ya faru. Wani magidanci daga Tanda, Hamani, yana hawa da kwano a ka ranar zuba rufin wani bene, katakon da ya taka ya karye. Ya faɗo a kan tarin bulo, cinyarsa ta karye gida biyu. Waɗanda suka gani sun ce shef ya tsayar da mota nan take, ya ce a kai shi gida wurin maɗori, a gama magana. Inna Ajuma ta ajiye ludayi ta tsaya gaban motar.

"Inna, kauce," in ji shef. "Wannan ba zancen mata ba ne."

"Ɗana, asibiti za a kai shi. Likita ya gani, ya rubuta. Bayan nan ku kai shi inda kuka ga dama."

"Ke uwarsa ce?"

"Yau dai ni ce."

Da ita aka tafi, kansa a cinyarta. Ba ta bar asibitin ba sai da aka ba ta sartifika, takardar da likita ke bayyana rauni da ranar da aka ji shi. Ita ba ta karatu, amma ta san matakan kamar yadda ta san awon gishiri: asibiti tukuna, sannan takardar likita, sannan shaidu, sannan ofishin insfektan aiki a Doso, kuma kada a bari kwana ya ja.

Ban san inda ta koyi wannan ba sai daga baya. Mijinta, Baƙo, magini ne. Bango ya rufta masa tana da goyo. Aka kawo mata buhun shinkafa da gaisuwa, aka ce ƙaddara ce. Sai bayan shekara uku wani tsohon akawun kotu da ke cin abinci wurinta ya ce mata, "Ai da kina da shaida, da yaranki sun samu hakkin ubansu." Ta zaunar da tsohon, ta sa ya maimaita mata hanyar sau uku har ta haddace.

Mun rubuta takardar Hamani, mun aika. Amsar mai kwangila ta zo a gajarce: bai san wani Hamani ba, wataƙila mai neman aiki ne ya shigo ba izini. Abokan aikinsa, mutum goma sha, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya buɗe baki yau, gobe yatsan shef zai tsallake shi. Hamani na kwance, iyalinsa na jira a Tanda, damina na matsowa, ga gona babu mai noma.

Aka sa rana a Doso. Na raka ta. Tun da muka bar Gaya take kallon giginyu suna wucewa ta tagar mota. A ofishin, insfekta ya dube ta, ya dubi mai kwangila da ke zaune cikin farar shadda, ya ce, "Inna, me ya haɗa mai abinci da wannan magana?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mako uku yana cin abinci a hannuna. Ba ya cin yaji, cikinsa ba ya so. Ranar da ya fara, hularsa ya naɗe ya yi gammo. Ranar da aka kawo ƙarfe shi ya sauke, tafinsa ya tsage, ni na ɗaure masa da gefen ɗankwalina. Ku aika a duba hannunsa na dama. Mai neman aiki ba ya yin kanta a ka."

Mai kwangila ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ƙaddara ce ta same shi."

"Alhaji, na yarda da ƙaddara fiye da yadda kake zato. Amma katakon nan tun Litinin yara suka ce ya ruɓe, aka ce su hau. Wanda ya ce a hau, shi ma an ƙaddara masa ya ɗauki nauyi."

Labarin ya riga mu dawowa Gaya. Washegari mutum biyu daga cikin masu sunkuyar da kai suka zo gidana, suka ce kunya ta hana su barci, a rubuta sunansu. Bayan wata huɗu aka sasanta. An yi wa Hamani aiki a ƙafa, an ba shi diyya. Yana ɗingishi, ba zai sake hawa gini ba, amma ya sayi injin ban ruwa, yana noman albasa a bakin fadama.

Ke kuma, Inna Ajuma, kin biya naki. An hana amalankenki shiga shantiyen mai kwangilar da na abokansa. Shekara guda kina sayar da abinci a bakin tasha, rabin tukunya na kwana. Na taɓa tambayarki ko kin yi nadama, kika yi dariya kika ce, "Mushe, shinkafar da ta kwana ana ɗumama ta." Ke ce kika tsaya inda maza suka zauna. Inuwar giginya na nesa ke sha, taki kuwa na kusa ya sha, na nesa ma ya sha.

Bayan Hamani an yi wasu da yawa. Na daina ƙidayar takardun da na rubuta. Har wani ɗan ƙetaren kogi da injin kwaɓa kankare ya cinye wa yatsu, da aka ce shi baƙo ne ba shi da hakki, ta ce ba a tambaye shi ƙasarsa ba ranar da aka ɗora masa siminti. Ba kowace ƙara ta ci ba. Sagiru, wani ɗan Karakara da siminti ya ɓata wa ido, an lallashe shi ya koma gida ranar da zazzaɓi ya kwantar da Inna. Da ta warke ta bi shi har ƙauye, amma babu takarda, babu shaida, lokaci ya wuce. Har yau in an ambaci Karakara sai ta kalli ƙasa.

Bana gwiwoyi sun ƙi, hayaƙin itace kuma ya rage mata gani. Ƴarta Firdausi ta karɓi tukwanen. Inna tana zaune a tabarma a zaurenta da carbi, amma har yanzu in wani ya faɗo, gidanta ake fara aikowa. Makon jiya na gaya mata zan yi rubutu a kanta. Ta ce, "A kaina? Ni me na yi? Na ga abu, na ce na gani."

To, Inna, abin ke nan da da yawanmu muka kasa. Mun gode. Allah ya saka miki, ya jiƙan Baƙo, ya sa hutunki ya yi albarka. Ku kuma masu karatu, mai shago kusa da gini, mai kabu-kabu da ke wucewa, mai kwangila da ke da ikon sauya katako tun bai karye ba: ranar da wani ya faɗo a gabanku, kada ku ce ba ku san shi ba. Ku tambayi sunansa, ku raka shi wurin likita, in an kira ku, ku je ku faɗi abin da idonku ya gani.