Birkin Ɗan'azumi

Duk ranar Lahadi, in ka haye gadar Yamai ka wuce unguwar Lamorde, za ka ga samari da Nasaru bisa kekuna masu kaurin taya, kowa da hula kamar ɓarin ƙwarya, suna hawan duwatsun da ke bakin gandun dajin gwamnati suna sauka. Ba su ɗauke da itace, ba su ɗauke da ciyawa, ba kuma wanda ya aike su. Gumi kawai suke kaiwa sama su dawo da shi ƙasa. Hanyar da suka fi so, wadda ta gangaro daga kan dutse ta bi gefen gandun tana lanƙwasa kamar macijin da rana ta dama, ba gwamnati ta shata ta ba. Ɗan'azumi ne ya share ta, kuma bai yi don kowa ya ji daɗi ba.

Bagobiri ne daga wajen Tibiri, da tsagensa tun daga baki har kunne. Fari na farko da sama ta hana ruwa, wanda a ƙarshensa soja suka hau mulki, shi ya cinye garken da ubansa ya bar masa. Ya iso Yamai da matarsa Tabawa, da tabarma, da ƴar maraƙa guda wadda mutuwa ta manta da ita. Ya sa mata suna Saura. A Lamorde ya samu tsohon keke hannun kukun wani Nasara, ya shiga dako da shi: gawayi, albasa, ganyen lambu zuwa kasuwa. Keken ba ƙararrawa, ba birki. In zai tsaya sai ya danna diddigen takalminsa bisa taya, ya yi salati. Yakan ce birki na wanda bai san inda za shi ba ne.

Sai fari ya komo. Kogi ya janye har mutane suna tsallake shi da ƙafa, zani a naɗe. Ciyawa ta zama abin da ake ɓoyewa a ɗaka. Saura, wadda yanzu ta zama uwar saniya, ta rame har haƙarƙarinta ya koma kamar tsaikon ɗaki da aka yaye wa jinka. Mahautan unguwa suka fara gaida Ɗan'azumi da fara'ar da ta wuce kima.

Tabawa ta ce, "Malam, ka ba su ita tun da sauran abin fiɗa."

Ya ce, "Garken ubana duka yana cikin wannan fatar. Ran da ta faɗi, ni ɗan dako ne kawai. Yanzu ko, mai shanu ne da ke taɓa dako."

"Mai shanu! Shanun nawa?"

"Ba a ƙirga dukiya gaban mutane, Tabawa."

A duk faɗin ƙasar, abu ɗaya ya rage da kore: gawo, itacen nan mai taurin kai da ke zubar da ganye in damina ta zo, ya yi ado in duniya ta bushe. Gawon kuwa yana cikin gandun gwamnati, bayan duwatsu. Soja sun ce wanda ya sari ɗanyen itace a can, a karɓe gatarinsa da abin hawansa, shi kuma ya je gidan kaso ya huta. A zamanin nan in soja suka ce, ko zakara sai ya duba hagu da dama kafin ya yi cara.

Ɗan'azumi ya tura kekensa ya hau dutse da hantsi, ya faɗa gandun ta baya, ya sari reshen gawo mai ganye. Bai ɗora shi bisa keke ba. Igiya ya sa ya ɗaure shi a gindin sirdi, ya bar shi yana ja a ƙasa. Haka ya gangaro, reshe yana riƙe keke, ƙura tana bin reshe, tsakuwa tana watsewa gefe. A gida Tabawa ta kakkaɓe ganyen, Saura ta ci har tana lumshe ido.

Bai daɗe yana yi ba, sai wata rana ya tarar da mai gadin gandun zaune a gindin gangaren. Harouna ne, Bazabarme, da kakinsa kore da kekensa na gwamnati mai walƙiya. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni: su zagi juna son rai, amma ɗaya ba ya kai ɗaya ƙara, ba ya kuma sa masa igiya.

Harouna ya dubi tsagen fuskarsa ya ce, "Kai, bawana, kyanwar da ta yakushe ka ce ta aike ka sata?"

"Wace sata, maci ganye? Ka ga kaya bisa kekena?"

"Wannan da ke bayanka fa, kakarka ce?"

"Birkina ne. In ka kwance shi, gobe kai za ka kwashe ni a gindin dutsen nan, ka je ka yi wa Tabawa bayani da Hausarka mai ɗingishi."

"To ina birkin jiya?"

"Ya cinye. Haka birki yake."

Harouna ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kauda kai. Daga ranar, kullum Ɗan'azumi da sabon birki. Reshe bayan reshe ya share gangaren tas, har hanya ta fito fili kamar tsagar kitso. Ita ce ta tona su. Laftanan da ke kula da gandun ya zo kewaya, ya ga hanya shararriya, ya bi ta da ido har inda gawo suke tsaye da aski gefe guda. Ya gaya wa Harouna cewa in ya sake ganin sabon sara, zai tura shi arewa ya yi gadin rairayi.

Harouna ya rasa ta yi. In ya kama taubashi, abin kunya har jikoki. In ya ƙyale shi, rairayi. Sai ya tafi kasuwar Katako ya samo birki na gaba da na baya, ya zo Lamorde ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da majalisa ta cika. Gaban kowa ya durƙusa ya ɗaura su da hannunsa.

Ya ce, "Jama'a ku shaida. Na ga bawana yana wahala, na yi masa kado. Daga yau ba ya bukatar reshe."

Kyautar taubashi ba a mayar da ita, ba a kuma kwance ta. Ɗan'azumi ya yi godiya da haƙora a cije, majalisa tana ta shewa.

Washegari ya hau dutse ba gatari. Ya tsinci ƴaƴan gawon da suka zubo, abin da doka ba ta hana ba, bai ko cika rabin buhu ba. Ya juyo gida. Keke da ya saba da reshe ya ji bayansa sakayau, ya zura da gudu kamar ɗan akuyar da ya tsinke. Mutumin da bai taɓa riƙe birki ba a rayuwarsa, ina zai san akwai na gaba da na baya, kuma ba a damƙe su kamar wuyan ɓarawo? Ya damƙe da ƙarfin dako duka. Keke ya tsaya cak, yadda aka yi masa alkawari. Ɗan'azumi ne bai tsaya ba.

Masu itace suka kawo shi bisa amalanke, ƙafa a karye. Maɗori ya ɗaure ta da karare, ya ce kada ya taka sai an ga wata ya sake. Saura ta cinye rabin buhun nan, ta kwanta, ta ƙi tashi. Wani mahauci ya zo dubiya, idonsa bai ko kalli majinyacin ba.

Ɗan'azumi yana kwance a zaure yana jin numfashin saniyar ta bayan zana, sai ya ji wata ƙara da ya sani, shaaa, tana tahowa cikin lungu. Ƙura ta riga mai ita shigowa. Harouna ne, kaki ya yi fari fat, da reshen gawo ɗaure bayan keken gwamnati.

Ɗan'azumi ya ce, "Maci ganye, mene ne wannan a bayanka?"

"Birkina ya lalace."

"Birkin gwamnati?"

"Shi ya fi saurin lalacewa. Gobe ma ina jin zai lalace. Tabawa, zo ki kwance, kada wannan gurgun ya cinye wa saniya."

Haka birkin gwamnati ya yi ta lalacewa har hadari ya haɗo daga gabas, ƙasa ta yi ƙamshi, gawo ya zubar da ganyensa don ya nuna ba ruwansa. Saura ta miƙe da ƙafafunta ta fita kiwo. Laftana kuma ya cika alkawari: aka tura Harouna arewa, inda aka ce in ya ga itace sai ya sara masa.

Ɗan'azumi ya tashi da ɗingishin da ya raka shi har kabari. Birkin yana nan bisa kekensa, bai kwance ba, bai kuma sake taɓa shi ba sai don rataya jakar goro. Da Saura ta haihu a shekara ta gaba, ya aika wa Harouna saƙo ta bakin wani direban kamiyo, babbar motar kaya: ya zo ya ga ɗan maraƙi, an sa masa sunansa, kuma shi ma ganye yake ci.