Ruwan Tello a Bayan Halime

Matso kusa, ga gefen tabarma, in ba ka labarin Abdelkerim mai hoto na unguwar Yelwa, nan Garoua.

In iyayenka sun taɓa ɗaukar hoton Sallah a garin nan, duba bayansu da kyau, za ka ga farin ruwa na zubowa daga kan dutse. Labulen shagon Abdelkerim ke nan, wanda aka zana wa matsirgar ruwan Tello ta wajen Ngaoundéré. Amare, alhazai, 'yan makaranta, kowa ya tsaya gabansa. Shi kuwa mai shagon bai taɓa taka wurin ba.

Matarsa Halime ce ke kakkaɓe labulen, ta ɗinke inda ya yage. Tun tana amarya take cewa, "Malam, yaushe za ka kai ni in ga na gaske?"

"Bari Sallah ta wuce."

Sallah ta wuce sai bukukuwan aure, su wuce sai hotunan jarrabawa. Ana haka har waya ta zo ta kashe kasuwar hoto. Ko da ya sami sarari, ciwon sukari ya riga ya cinye idon Halime.

Duk da haka ya ce alkawari kaya ne. Wajen ƙarshen damina suka hau mota zuwa Ngaoundéré, daga can suka ɗauki shatar wata tsohuwar taksi. Ya riƙe hannunta suka gangara a hankali. Tun daga nesa ta tsaya cik.

"Malam, ashe yana da murya? Labulenka bai taɓa gaya mini ba!"

Ta fuskanci ruwan, feshi na jiƙa mata fuska, tana dariya kamar yarinya. "To, ara mini idonka. Faɗa mini yadda yake."

Amma hadari ya taso, kuma mai hoto ba abin da yake tsoro kamar haske ya gudu. Hannu ya yi abin da ya saba: ya kama kafaɗunta, ya juya ta, ta ba ruwan baya.

"Ɗaga haɓa. Gyara mayafi. Kada ki motsa."

Ba ta motsa ba. Ya ɗauki hoton ke nan sama ta ɓalle da ruwa, direba ya kwaɗo kira daga bisa: "Baba, ku hawo, in hanyar nan ta jiƙe a nan za mu kwana!"

A cikin mota ta sake tambaya, "Yanzu faɗa mini."

Ya ce, "Fari ne fat. Itatuwa a dama, ga wani tsuntsu a sama..."

"Tsuntsu mai karyayyen fiffike?" in ji ta. "Ai ni na ɗinke shi. Wannan labule ne, Malam. Ni ba ido, kai da ido, mun zo mun koma ba wanda ya gani."

Haka suka koma Garoua.

Hoton ya fito da kyau, wallahi. Yana nan rataye a zaurensu. Halime ta daina tambayar Tello, baƙo in ya yaba hoton, sai ta ce, "Haka nake ji." Kuɗin komawa babu, ƙafarta ma ba ta sake ɗaukar gangare ba.

To kai da ka saurara, mutumin nan ya cika alkawari ko bai cika ba?